Gosulon Ikko: a kafa dokar hani, a sa wa mota kuɗin shiga, ko a fara ƙaro abin hawa?

Wata safiyar Litinin danfonmu, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ya tsaya cik a kan gadar Third Mainland, daidai inda ake hango rumfunan kan ruwa na Makoko da hayaƙin masu ƙyafe kifi. Da na gaji da kallon ruwa sai na shiga ƙirga mutane. Mu goma sha takwas ne a motar, har da kwandasta da ya maƙale a ƙofa da kuɗi a tsakanin yatsu. A damanmu wata baƙar jif ce, mutum ɗaya a ciki yana latsa waya. Gabanta ƙaramar mota, ita ma mutum ɗaya. Bayanta direba ne da maigidansa a kujerar baya yana gyangyaɗi. Mutum huɗu ke nan a mota uku, sun cinye filin da ya ninka namu sau uku, kuma da mu da su babu wanda ya biya ko sisi don hawa gadar a lokacin da kowa ke rububinta. Sai da muka yi awa guda da 'yan mintoci kafin mu sauka Adeniji.

Da daddare na kai zancen teburin mai shayinmu a Agege. Ban rufe baki ba wani Alhaji ɗan Kano, wanda ya fi shekara talatin yana sayar da yadi a Balogun, ya dire kofi ya ce, "Kai yaro, abin da ka ƙullo mana ke nan? A ƙara wani harajin a kan waɗanda muke biya?" Wani matashi da ya daɗe yana acaɓa kafin a ƙwace masa babur ya ce, "Alhaji, ku ai cewa za a yi ku biya ku wuce. Mu ko tambayar nawa za mu iya biya ba a yi mana ba, cewa aka yi mu bar titi." Aka yi shiru, mai shayi ya ci gaba da kaɗa ƙwai. Wannan musun ne ya sa na zauna na auna hanyoyin da birane ke bi wajen maganin cunkoso, domin duk mazaunin Ikko, mai mota da wanda ko keke ba shi da shi, ɗaya daga cikinsu za ta taɓa aljihunsa. Gara mutum ya san wadda zai mara wa baya tun kafin a zo neman ƙuri'arsa.

Abin da Alhaji bai sa a lissafi ba shi ne mun daɗe muna biyan kuɗin gosulo. Mai shago a Idumota da ke kwana a Agege ko Iyana Ipaja tun ƙarfe huɗu da rabi yake fita, sallar asuba a hanya, ya dawo bayan isha'i ya tarar yara sun yi barci. Direban da ya kamata ya yi sawu shida uku yake samu, sai ya ɗora asarar a kan fasinja. Shi ya sa kuɗin mota daga Oshodi zuwa Obalende na safe daban, na tsakar rana daban, da hadari ya haɗo kuwa sai abin da kwandasta ya yanke. Ga 'yan kamasho, waɗanda a nan ake kira agbero, kowace tasha suna tsaye suna karɓar nasu. A 2022 gwamnatin jiha ta sa wa motocin haya harajin naira 800 a rana da sunan a haɗe kuɗaɗen wuri ɗaya, amma wannan bai shafi kuɗin ƙungiya da ake karɓa a tasha ba. Wato talakan da ke cikin danfo tuni yake biyan farashin da ke hawa da sauka bisa cunkoso. Mai jif ɗin da ke gefensa ne kawai wannan farashin bai sani ba.

Maganar ƙara faɗin titi ba zan daɗe a kanta ba. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta sauƙaƙa mana a Agege, duk wanda ya san yadda ake kwana a mahaɗar nan ta layin dogo ba zai yi musu ba. Amma tsibirin Legas, inda kasuwannin Balogun da Idumota suke, ba roba ba ne da za a ja shi. Ko an mayar da Third Mainland layi goma, motocin a Adeniji da Obalende za su zube, cikin titunan da aka yanka tun zamanin Turawa. Sabuwar hanya kuma kiran sabbin motoci take yi.

Hanya ta farko da gwamnatocinmu suka fi saurin kai wa hannu ita ce hani, don ba ta buƙatar kuɗi sai sanarwa da 'yan sanda. Dattawan da suka riski shekarun 1970, lokacin Legas na babban birnin ƙasa, suna tuna dokar mara da cika: motar da lambarta ta fara da mara tana da ranakun shiga tsakiyar gari, mai cika tana da nata. Da farko hanya ta yi sauƙi. Ba a daɗe ba masu hali suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, wasu suka riƙa canja lamba da safe kamar hula. Mai mota ɗaya, ƙaramin ma'aikaci, shi dokar ta ci. A Jakarta ta Indunusiya an yi wata mai kama da ita, aka ce mota ba ta bin wasu manyan tituna a lokacin cunkoso sai da mutum uku a ciki. Sai sana'a ta ɓullo: mutane suna tsayawa bakin titi, har da mata masu goyo, a ɗauke su haya su cika ƙirga, a sauke su bayan an wuce. A 2016 aka soke dokar.

Mu kuwa hanin da muka sani da jikinmu na acaɓa ne. Dokar hanya ta 2012 ta hana babura bin tituna 475. A Fabrairun 2020 aka faɗaɗa hanin, har ya haɗa da Keke Marwa a wasu yankuna. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka haramta acaɓa ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Mainland da Lagos Island, a watan Satumba aka ƙara Kosofe da Mushin da Shomolu da Oshodi-Isolo. Baburan da aka kama ana murƙushe su a gaban 'yan jarida. Ba zan ce gwamnati ba ta da hujja ba. Wanda ya taɓa kai ɗan'uwa asibitin ƙashi na Igbobi ya ga abin da babur ke yi wa ƙafar mutum, kuma yaranmu da yawa sun sauko daga tirela sun hau babur ba su san hannun da ake bi ba. Idan don haɗari da sata aka yi, magana ce da za a zauna a yi.

Amma a ma'aunin cunkoso, abin da ya fi kowane abin hawa ƙarancin cin fili aka kora, aka bar wanda ya fi ci. Apapa ba ta buɗe ba don an kori babura, tireloli da tankoki ne matsalarta. Ma'aikacin da a da yake tsallake gosulon Ojuelegba a kan babur cikin minti goma ya koma cikin danfo ya zama ƙarin jiki a layin. Ƙananan bas-bas da aka kawo don maye gurbi ba sa shiga kowane lungu. Kuma akwai abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: hani ma farashi gare shi. Baburan ba su ƙare ba, suna fitowa, sai dai yanzu mai shi yana tanadin abin da zai miƙa idan an tare shi, ya ƙara wa fasinja. Kuɗin na fita, ba ya gina tasha, ba ya sayo bas. Zaman kashin dankali ne sosai, na sama ya danne na ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce farashi. A nan ne mutane ke cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne, kuma daga cakuɗar ne yawancin faɗan yake tashi.

Akwai farashin mai. Mun gwada shi ba da niyya ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haye dubu a gidajen mai da yawa. Makonnin farko duk wanda ya bi Ikorodu Road ya ga bambanci, mutane sun ajiye motoci a gida, maƙwabta suna haɗuwa a mota ɗaya. Wannan ya nuna abu ɗaya muhimmi: ɗan Legas yana jin farashi, ba gaskiya ba ne da ake cewa komai tsada zai fito da motarsa. Sai dai tsadar mai makauniya ce. Yadda ta bugi mai jif a kan gada da ƙarfe bakwai, haka ta bugi mai aski da janaretonsa, da mai keke a cikin lungun Agege inda babu wani cunkoso, da mai markaɗe. An yi maganin ciwon ɗan yatsa da yanke hannu.

Akwai tolget. Manya suna tuna na gwamnatin tarayya da Obasanjo ya rushe a ƙarshen 2003, shi ya sa har yau kwandasta ke kiran "Toll Gate" a hanyar Sango alhali babu shingen. Na hanyar Lekki zuwa Epe an fara karɓa a Disambar 2011 cikin zanga-zanga, gadar Lekki zuwa Ikoyi ta biyo baya a 2013, aka dakatar da karɓa bayan abin da ya faru a wurin a daren 20 ga Oktoban 2020 lokacin EndSARS. Manufar tolget ita ce a maido kuɗin gina hanya. Mai karɓa so yake motoci su yi yawa, don yawan su ne cinikinsa. Shingen kansa kuma layi yake haddasawa, ka biya kuɗi a tsayar da kai. Duk ɗan Legas da ya ji an ce "kuɗin hanya" wannan hoton ne ke faɗo masa, kuma ba laifinsa ba ne.

Na ukun, wanda ba mu taɓa gwadawa ba, shi ne kuɗin cunkoso: mota ta biya idan za ta shiga wuri kaza a sa'a kaza, idan ta zo kafin lokacin ko bayansa ta wuce kyauta. Ba don tara kuɗi ake sa shi ba tun asali, so ake wasu su canja lokaci, wasu su haɗu a mota ɗaya, wasu su hau bas. Kuma ba sai rabin motoci sun janye ba. Titi kamar mazurari ne, idan an zuba daidai bakinsa yana zuba, da an ɗara kaɗan sai ya toshe gaba ɗaya. Kowa ya ga yadda hanyar tsibiri ke sakin jiki idan 'yan makaranta sun tafi hutu, alhali yawancin motoci suna nan.

Singafo ce ta fara a 1975 da takardar da ake mannawa a gilashi, a 1998 ta koma na'ura mai cire kuɗi mota na tafiya, kuma suna duba farashin lokaci-lokaci: idan titi ya cushe a ƙara, idan ya yi sako-sako a rage. Landan ta fara ranar 17 ga Fabrairun 2003 da fam 5 a rana, zamanin magajin gari Ken Livingstone. A shekarun farko motocin da ke shiga tsakiyar birnin sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ɓata lokaci a hanya ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Doka ta ɗaure ribar a kan harkar sufuri, yawancinta bas ta tafi, kuma an ƙaro bas kafin ranar farawa. Amma kada a ɓoye ɗaya gefen: bayan wasu shekaru cunkoson ya sake tarowa, aka yi ta ƙara kuɗin har ya kai fam 15 a 2020. Niyok ma ta bi sahu a Janairun 2025 da dala 9 don shiga ƙasan Manhattan, kuɗin na tafiya gyaran jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na Sitokholm, babban birnin Suwidin, don su ma a kan tsibirai suke, gadoji ne ƙofofinsu. Jama'a ba sa so, jaridu suna ta suka. Sai aka ce a yi gwaji daga Janairu zuwa Yulin 2006. Motocin da ke ƙetare iyakar suka ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Da wa'adi ya cika aka cire kuɗin, motoci suka dawo kusan yadda suke. A Satumba aka kaɗa ƙuri'a, mutanen birnin suka amince da ɗan rinjaye, a 2007 abin ya zauna. Akwai wani ɗan bayani a labarin da ya fi sauran amfani gare mu. Watanni kafin a fara karɓar kuɗin an zuba sababbin bas masu yawa, amma masu motoci kusan ba su motsa ba. Sai da kuɗin ya fara aiki suka waiwayi bas ɗin.

Legas kamar don wannan tsarin aka zana ta. Daga babban yanki gada uku ce ke shiga tsibiri: Carter da Eko da Third Mainland, sai hanyar Lekki daga gabas. Ba a buƙatar shinge. Kyamarorin da ke karanta lambar mota suna nan a gari tuni, mutane da yawa sun sha ganin saƙon tara a waya saboda takardun mota da suka mutu. Matsalar ba ta na'ura ba ce. Matsalar su wa za a ce ba za su biya ba. Idan aka fara da cire ayarin masu jiniya, sai manyan ma'aikata, sai masu lambar da aka rufe da baƙar leda, to an koma gidan jiya, ƙaramin ma'aikaci mai tsohuwar Corolla ne zai ɗauki kayan. Ko a Landan ma akwai masu taurin bashi: ofisoshin jakadanci da dama sun ƙi biya suna cewa haraji ne da bai hau kansu ba, kuma na Amurka da namu na Najeriya suna sahun gaba a jerin.

Akwai ƙanin wannan tsarin da ba a cika kula shi ba, kuɗin fakin. Motar da ta shiga tsibiri dole ta tsaya a wani wuri, kuma a Marina da Broad Street da bakin Balogun a kan titi take tsayawa ta cinye layi guda tun safe har yamma. Yanzu ma ana biya, samarin unguwa ne ke karɓa. Jiha tana da hukumar LASPA don wannan aikin. Kuɗin fakin ba ya buƙatar kyamara, kuma ba ya taɓa mai wucewa ko mai sauke kaya ya juya. Rauninsa shi ne bankuna da manyan kamfanoni suna da harabarsu, mai direba kuma sai ya ce a yi ta zagayawa da motar. Rabin magani ne, amma rabin da za a iya farawa gobe.

Hanya ta uku ita ce wadda kowa ke so a baki: a ƙaro abin hawa na jama'a, a bar maganar kuɗi. Tarihinta a Legas mai ciwo ne. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, aka yi kusan shekara arba'in ana cizon yatsa. BRT, wato manyan bas masu keɓaɓɓen layi, ta zo a Maris ɗin 2008 zamanin Gwamna Fashola, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS, aka miƙa ta Ikorodu a 2015, a 2020 aka buɗe ta Oshodi zuwa Abule Egba da ke bi ta gefenmu. Sirrinta ba sanyin ciki ba ne, layinta na kanta ne. Inda aka katange mata hanya tana wuce jif tana wuce danfo, inda katangar ta ƙare ta zama mota kamar kowace.

Jirgin Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, tasha biyar, da lantarki yake tafiya, tafiyar da kan ci awa biyu a mota ba ta kai rabin awa ba. Red Line ya biyo baya a Oktoban 2024, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Shi nake hawa idan lokacina ya yi daidai da nasa: in nuna katin Cowry a ƙofa, in zauna, in sauka Oyingbo, in kama danfo ta Iddo in haye Carter zuwa Idumota. Ranar farko na isa shago da sauran ƙarfi a jikina har maƙwabcina ya tambaye ni ko a tsibiri na kwana. Akwai kuma jirgin ruwa daga Ikorodu, wanda ya fi mota sauri nesa ba kusa ba, sai dai ɗan Arewa da ruwa sai a hankali. Na san wanda ya hau sau ɗaya, tun daga tashi har sauka bai daina salati ba, bai kuma sake ba.

To me ya hana wannan hanyar wadatarwa ita kaɗai? Abu na farko kuɗi da lokaci. Kilomita 13 na Blue Line sun ci fiye da shekara goma. Layi biyu ba za su ɗauki garin da ya kai Legas ba, kuma kashin farko na Red Line bai ƙetare ruwa ba. Na biyu, rahusa ba ta ƙara kujera. A Agustan 2023 gwamnatin Sanwo-Olu ta rage rabin kuɗin motocinta don rage raɗaɗin cire tallafi. An ji daɗi, amma bas ɗin da ke akwai su ne dai, layi ya ƙara tsawo, kuma bayan 'yan watanni aka janye rahusar don ba ta da wata rijiya da take ɗiba. Na uku shi ne darasin Sitokholm: mai mota ba ya barin motarsa don kawai an kawo bas, muddin hawa gada kyauta ne. Su kuma bas ɗin, idan sun zo gada babu layinsu, a bayan motarsa za su tsaya.

Akwai abu na huɗu da ya shafe mu fiye da kowa, kuma masu zana taswira a ofis ba sa ganinsa: kaya. Rayuwar Bahaushe a Ikko rabinta ɗauka ce da saukewa. Tirelolin tumatir da albasa da tattasai suna sauka Mile 12, 'yan dako su kwashe, matan kasuwa su sara, su loda kwanduna a danfo da akori-kura zuwa Oyingbo da Obalende da Ajah. Nama na fita daga mayankar Oko-Oba kafin gari ya waye. BRT da jirgi don mai jaka ɗaya aka yi su, ba a shiga da kwandon gwari ko dilar shadda. Saboda haka duk tsarin da ya ce a kashe danfo, ko a sa wa motar kaya kuɗi daidai da jif, a farashin miya zai fito.

Idan na ɗora hanyoyin uku a kan mutanen da na sani, ga abin da nake gani. Mai gadi a Ikoyi da ke zuwa daga Obalende ko Idi-Araba: hani ya riga ya raba shi da babur mai sauƙi, kuɗin cunkoso ba zai taɓa shi ba don ba shi da mota, kuma idan hanya ta buɗe danfonsa zai yi sauri. Ɗan gwari: lafiyarsa ƙalau muddin kaya na shiga kyauta da dare da sassafe. Ma'aikacin da ke fitowa daga Ikorodu da ƙaramar mota, shi ne abin tausayi, shi ne kuɗin zai ciza. Amma da yawansu tuni suna ɗaukar mutum uku a hanya suna karɓar na mai, kuɗin mota ɗaya a raba huɗu ba zai kashe kowa ba, kuma shi yana da BRT da jirgin ruwa a ƙofarsa. Wanda ke Ikotun ko Ajah, inda babu layin dogo babu katangar bas, shi ne za a zalunta idan aka fara karɓa ba a kai masa komai ba. Mai jif kuwa zai biya ko a jikinsa, ya samu hanya a buɗe. Wasu na cewa wannan sayar wa mai kuɗi titi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma yanzu ma shi ke da titin, kyauta ma, da sanyi a ciki.

Ni dai da za a tambaye ni, hani ne na ƙarshe a jerina, a ajiye shi don abin da ke kashe mutane. Ƙaro abin hawa dole ne, amma wanda ya ce a jira sai an gama layin dogo kafin a taɓa mai mota, cewa yake a jira jikokinmu. Zan mara wa kuɗin cunkoso baya, da sharuɗɗan da ba zan sassauta ko ɗaya ba. A karɓa da safe kawai, ranakun aiki, a kan mota mai zaman kanta da ke shiga tsibiri. Danfo da bas da motar asibiti su wuce, motar kaya ta samu sa'o'inta na kyauta. Kafin ranar farawa a ware wa bas layi a kan gadojin, a zuba su a unguwannin da jirgi bai kai ba. Majalisar jiha ta rubuta a doka cewa kuɗin na sufuri ne, a riƙa buga abin da aka tara da abin da aka saya kowane wata, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada a cire babba ko ɗaya. Sannan a yi shi gwaji na wata shida, a cire, a tambaye mu. Idan aka zo da kuɗin babu waɗannan, tolget ne aka canja wa riga, kuma ina cikin masu ƙi.

Na mayar wa Alhaji da wannan duka bayan kwana biyu. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan kwalin madara: man da yake ƙonawa a tsaye, abin da yake ba samarin fakin, kuɗin bakanike. Ya ce, "In dai zan isa shago cikin minti arba'in, zan biya. Amma wa zai riƙe kuɗin?" Tsohon ɗan acaɓan ya ce shi tambayarsa ɗaya ce, idan an sayo bas ɗin ko za a ɗauki irinsu aiki. Ranar Laraba Alhaji ya sa ɗansa ya yanko masa kati, muka hau jirgi tare daga Agege, ya zauna gefen taga yana nuna mini inda ya fara kasa kaya a Mushin. Ranar Alhamis ya fito da motarsa, don dila huɗu ta iso daga Kwari kuma dole a kai ta Balogun kafin azahar.